Allura da Zare a Kwarin Rima

Lacca ga matasa da iyaye mata na Wurno, Rabah da Goronyo

 

  

An nemi in yi magana a kan ɗinkin hannu, wato surfanin riga da ɗinkin hula da adon da mata ke yi wa zanen gado, da kuma yadda wanda bai taɓa riƙe allura ba zai fara shi don sha'awa. Na san akwai wanda da ya ji abin da za a tattauna ya ce a ransa: ana fama da tsadar taki, mutanen ƙauyuka ba su barci da ido biyu rufe, sai a tara jama'a a kan allura? Wanda ya yi wannan tambaya yana da gaskiyarsa, kuma zan amsa masa kafin in zauna. Amma bari in soma da garin da muke ciki.

Wurno ribaɗi ce ta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Nan ya zauna, nan ya rasu a 1837, nan kabarinsa yake. Kowane yaro a garin nan ya san haka. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne irin kulawar da ya ba masu aikin hannu. A cikin littafin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'a cikin abin da ya hau kan shugaba, kuma da ya zo lissafa su, maɗinka da marina na cikin waɗanda ya ambata tare da manoma da maƙera da mahauta. Mutumin da ke tsare iyakar daula daga Gobirawa bai ga cewa zancen allura ya yi masa ƙanƙanta ba. Mahaifinsa ma, Shehu Usmanu, Allah Ya ƙara masa yarda, sananne ne a bakin magabata cewa yana tufkar igiya da hannunsa.

Da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya sauka Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, sai da ya yi guzurin riguna da turkudi tun daga Katsina. A wancan lokaci riga kuɗi ce, da ita ake sayayya a hanya, da ita ake shiga fada gaisuwa. Shi ne kuma ya ba da labarin yadda tufafin Kano ke kaiwa Tumbutu da Gat da Tarabulus. Riguna na cikin gaisuwar da sarakunan daula ke aikowa Sakkwato, daga nan kuma a raba su ga malamai da jarumai da wanda aka naɗa. Ta haka zanen rigar Hausa da ta Nufe ya bazu har Ilori da ƙasar Yarbawa da Adamawa. Wasu daga cikin rigunan wancan zamani yau suna ajiye a gidajen tarihi na Ingila da Jamus.

In akwai tsohuwar riga aska takwas a gidanku, ku roƙi mai ita ya shimfiɗa muku ita bisa tabarma, ku durƙusa ku dube ta da kyau. Za ku ga yadin kansa siraran saƙa ne aka haɗa ɗaya bayan ɗaya. A ƙirjin hagu, bisa babban aljihu, ga asake nan dogaye masu tsini sun nufi ƙasa. Ga gidan biyar, ga dagi. A dama ga tambari ya naɗe, wani kuma a baya. Ku sa yatsa ku shafa: inda kuka ɗauka fili ne, ƙananan huji ne birjik, kowane an zagaye bakinsa da zare. Sa'an nan ku ƙirga hannuwan da rigar ta bi. Wata tsohuwa ta kaɗa zaren da mazari. Masaƙi ya saƙa. In saƙi ce ta je karofi. Maɗinki ya haɗa. Mai zayyana ya ɗauki alƙalami da tawada ya zana. Mai surfani ya zauna kanta wata da watanni. Daga ƙarshe mabuga suka buge ta har ta yi sheƙi. Zaren adon kuwa ko dai tsamiya ce, wadda ake samu daga gidan wata tsutsa, a dafa shi da toka, mata su kaɗa. Ko alharini ne ja, wanda raƙuma suka ratso Sahara da shi daga Tarabulus.

Su wa ke wannan surfani? Mafi yawa malamai ne da almajiransu. Gardi ya yi karatun asuba, hantsi ya ɗaga, sai ya jawo riga ko hula ya zauna a zaure. Da ita yake sayen takarda da sabulu, ba ya roƙon kowa. Hannun da ya saba da riƙon alƙalami da zayyanar allon sauka, shi ne ya saba da zanen riga, shi ya sa za ku ga kamanni tsakanin adon allo da adon aljihu. Dattawan da ke nan sun san wannan zama: bakin mutum na tilawa, hannunsa na ɗinki.

Mutanen Rabah kuma kuna da naku rabon a labarin. Sir Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah a 1910, ya zama Sarkin Rabah a 1934, Sardauna a 1938, Firimiyan Jihar Arewa a 1954, ya shiga manyan biranen duniya da babbar riga da rawani, bai sauya su don kowa ba. An san shi da kyautar riguna. Dagin nan da aka ɗauka alamar Arewa a zamaninsa, wanda yau ke jikin ƙofofi da motoci da takardun gwamnati, tun kafin nan yana ƙirjin riguna da bangon soraye da jakunkunan dukawa. Hannun talakawa masu sana'a ne ya raya shi kafin hukuma ta ɗauka.

To, yau fa? Keken surfani ya zo, bayansa na kwamfuta ya zo. Aikin da ke cin wata uku ana gama shi kafin azahar. Ba na cikin masu zagin keke. Tela na da iyali, kuma saboda keke ne ɗan talaka ke sa riga mai aiki ranar Sallah. Amma keke abin da aka ba shi yake maimaitawa. Ku shiga masallacin Idi ku dubi wuyan riguna, za ku ga zane guda a jikin mutum hamsin. Abin da ke damuna ke nan. Masu iya soka allura suna raguwa, amma waɗanda suka fi saurin ƙarewa su ne masu iya zana abu daga kansu. Duk dattijon da ya rasu da zanensa a kai, in babu wanda ya zauna kusa da shi, zanen ya bi shi. A Zariya, wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello mai suna David Heathcote ya bi masu zayyana yana tara zanensu har ya rubuta kundin digirinsa a kan surfanin Hausa a 1979. Allah Ya sa ya yi. Sai dai takarda ba ta koya wa yatsa aiki.

Yanzu bari in shiga yadda ake farawa, don shi ne ainihin abin da ya tara mu.

Kada ka sayi shadda. Wannan ita ce shawarata ta farko. Shadda na da santsi, tana da tsada, kuma tsoron ɓata ta zai sa hannunka rawa. Nemi akoko ko wani farin yadin auduga mara santsi, rabin yadi ya isa. In babu kuɗin, tsohon zanen gado da ya sha wanki ya fi sabon yadi daɗin allura. In sabo ne, wanke shi tukuna ka shanya, don auduga na tsukewa a wankin farko, kuma in ta tsuke bayan ka yi ɗinki aikin zai tattare. Yanka shi ƙyalle-ƙyalle kamar taƙi ɗaya kowace kusurwa. Allura biyu ko uku, mai kafa da ɗan faɗi, wadda zare zai shiga ba da kokawa ba. In allura ta yi wa zare ƙanƙanta, duk jan da ka yi yadi na cin zaren, kafin ka kai ƙarshe ya yi gashi. Zare launi biyu, ba goma ba. Ɗan almakashi mai tsini. Duk wannan za ka same shi a kasuwar Acida ko ta Goronyo, ko wurin kowane mai kayan koli, kuma kuɗinsa bai kai abin da yawancin samarinmu ke sa wa waya a mako ba.

Kafin ka yarda da zare mai launi, musamman ja da shuɗi, jiƙa ɗan guntu ka matse shi cikin farin ƙyalle. In ya bar alama, mai zuba ne, ajiye shi. Mata da yawa sun yi hawaye a bakin baho saboda zanen gadon da aka yi wata biyu ana yi ya rine a wankin farko. Zaren da ke zuwa sili shida a haɗe, raba shi ake yi, a ɗauki biyu ko uku. Tsawon da za ka yanka kada ya wuce kamu ɗaya, daga kan yatsa zuwa gwiwar hannu. Mai koyo yakan ja zare dogo don ƙyashin sake zurawa, sai ya ɓata lokacinsa wurin kwance harɗewa. Zane kuma da fensir ake yi, ko alli, ko tawadar allo wadda ake wankewa. Biro ba ya fita.

Akwai zoben katako ko na roba da ake ɗame yadi a ciki. In an samu yana taimakon mai koyo. Amma masu surfaninmu na da bisa gwiwa suke ɗora riga, su ɗame wurin da yatsun hagu, kuma da haka aka yi duk rigunan da na ambata.

Ɗinki uku za ka koya, kuma da su aka gina kusan duk abin da ke jikin babbar riga. Sunayensu na sauyawa daga gari zuwa gari, don haka zan faɗi yadda ake yin su. Na farko shi ne mai kama da sarƙa, wanda ake bin layin zane da shi. Ka fito da allura daga ƙasa, ka mayar da ita cikin ramin da ta fito, amma kada ka janye zaren duka, bar ɗan zobe ka danne da babban yatsa. Ka sake fito da allura ɗan gaba kaɗan ta cikin zoben, ka ja a hankali har ya kwanta. Shi ke nan, haka za ka yi ta yi. Sirrinsa tazara: kowane taku daidai da ɗan'uwansa, kamar dashen albasa a fadamar Goronyo. Ja layi miƙaƙƙe ka bi, sa'an nan lanƙwasa, sa'an nan da'ira. Ranar da ka iya naɗe da'ira ba tare da ta yi kusurwa ba, ka kama hanyar tambari.

Na biyu ciko ne. Ana shimfiɗa zare jere a cikin fili, kamar cikin aska, sa'an nan a bi shi da ƙananan ɗinki ana ɗaure shi da yadi don kada ya yi lilo. Na uku shi ne huji, kuma shi ne mai gwada haƙuri. Na taɓa zama kusa da wani dattijo a zaure ina kallon hannunsa yana yin sa. Bai yanke yadi ba. Basilla ya sa ya buɗa tsakanin zaruruwan saƙa, ya ɗan juya ta har rami ya tsaya. Sai ya ɗauki ƙaramar allura, ya shiga ta ramin ya fito ta gefe, ya shiga ta ramin ya fito ta gefe, yana juya yadin da hagu kaɗan-kaɗan, kowane ja da ƙarfi ɗaya, har ya zagayo inda ya faro. Ko kallon allurar ba ya cika yi, hira yake da mu. Da ya gama ya ɗaga ƙyallen ga haske, ramin ya fito fes. Na tambaye shi me ya fi wuya a ciki, ya ce: "Ja. Yaro ko dai ya ja da ƙarfi yadi ya tattare, ko ya sassauta zare ya yi kunne. Hannu ne ke gane tsakiya, ba a faɗa da baki."

Don haka nake cewa hoton waya ba zai wadatar ba. Ku kalla, akwai amfani, ana ganin inda allura ke shiga da inda take fita. Amma waya ba za ta karɓi ƙyallenka ta juya bayansa ba. Mai sana'a in ka miƙa masa aiki, baya yake fara dubawa. In ya ga ƙulle-ƙulle da zare na tsallake daga wannan gefe zuwa wancan, ya san komai. Gwani ba ya ƙulli babba; ƙarshen zarensa yakan cusa shi ƙarƙashin ɗinkin da ya riga ya yi. In kuma ya ce maka warware, ka warware ba tare da ɓata rai ba. Warwara rabin koyo ce, kuma zaren da aka warware ba a mayar da shi, don ya riga ya gaji.

Ƙasarmu na da nata sharuɗɗan. Da hunturu yatsu na kaushi, suna kama zare su tsattsage shi. A shafa man kaɗe da dare, da safe a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa yadi, don maiƙo ba ya fita daga farin ƙyalle. Da bazara gumi ne abokin gaba. In an tashi a naɗe aikin cikin wani tsabtataccen zane saboda ƙura. Lokacin ɗinki hantsi ne ko bayan la'asar, a inuwa mai haske. Ina roƙonku kada ku yi shi da fitilar waya cikin dare, ido ba shi da na canji. Wanda ya haura arba'in ya ga kafar allura na ɓace masa, ya nemi tabarau, babu abin kunya a ciki. A riƙa ɗaga kai ana duban nesa, a miƙe a taka. Iyaye mata, allura ba a sa ta a baki, ba a soke ta a katifa ko tabarma inda yaro ke rarrafe. A yi mata ɗan ƙyalle nata, a ƙirga kafin a fara, a ƙirga bayan an gama.

Bayan ƙyallen gwaji, abin farko da za ka yi ya zama ƙarami kuma mai amfani: hankici, rigar matashin kai, jakar carbi, murfin kwano, bakin aljihun rigar ƙaninka. Abin da za ka gama kafin zumuɗi ya huce. Masu farawa da babban zanen gado, yawancinsu yana nan cikin akwati rabi da rabi. Hula kuwa ta zo daga baya. Na san ita ce ke jan samari, kowa na son a ce Zanna Bukar ko damanga ko ƙuben da ke kansa shi ya ɗinka. Amma hula ba ta yafe kuskure. Zanenta zagaye yake, dole ƙarshe ya haɗu da farko, kuma awon kai in ya kuskure da ɗan yatsa guda aikin makonni ya tashi a banza. In lokacin ya yi, fara da hular yaro, launi biyu, zane mai maimaita kansa. Ka je wurin masu wankin hula ka zauna, ka ga yadda suke sa mata sitaci su ɗora ta bisa katako. Su ne suka san wace hula ke jure wanki da wadda ke lalacewa, don kowace iri ta bi ta hannunsu.

Sai zayyana, wadda ita ce zuciyar maganata. Da farko kwaikwayo za ka yi, babu laifi. Zana aska, zana dagi har hannunka ya san inda layi ke hawa da inda yake shigewa ƙarƙashi. Amma kada ka tsaya nan. Sayi ɗan littafin rubutu na 'yan makaranta mai layi gida-gida, ka riƙa yawo da shi. Kwarin nan cike yake da zane. Tun da aka gama madatsar ruwan Goronyo a 1984 noman rani ya ƙaru a bakin Rima, kuma kullum kuna cikinsa: zangarniyar shinkafa in ta sunkuya, kan albasa in ya yi fure, yadda kwamin lambu ke jere, idon koma a hannun masunta. Dubi faifan kakarka, dubi sassaƙar ƙwarya, dubi yadda baduku ke ratsa jar fatar akuyar Sakkwato da kore da baƙi, dubi jalalar doki ranar hawa. Ɗauki abu guda ka rage shi har ya zama layi uku ko huɗu, ka maimaita shi, ka juya shi, ka ga abin da zai bayar. Goma za su fito ba kyau, ɗaya ya fito. Wannan ɗayan naka ne, babu shi a cikin kowace kwamfuta. Abu biyu kawai zan ja kunne a kansu: kada a ɗinka ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a abin da za a zauna kai ko a shiga bayi da shi, kuma zancen surar mai rai a tambayi malamai. Magabatanmu da layi da da'ira da kusurwa suka yi duk abin da duniya ke sha'awa.

Yanzu ga amsar mai tambayar farko. Ba wanda zai gaya wa mutanen gabashin Sakkwato abin da ake ciki. Mun ga waɗanda suka kwararo Gandi a 2018 bayan harin Tabanni. Mun san abin da ya faru a kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. A garuruwan nan uku akwai mutanen da suka bar gona da dabba da rumbu, suna zaune gidajen dangi, hannu babu abin yi, zuciya na ta saƙe-saƙe. Akwai yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Allura ba za ta kori ɗan bindiga ba, kuma ba ta maye gurbin likita. Amma aiki ne da ke shiga aljihu, ba ya son wuta, ba ya son fili. Yana tilasta wa hankali ya tsaya wuri ɗaya, kuma da yamma mutum na iya duba abin da hannunsa ya yi. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya da bayansa, a asibitocin Ingila, sojojin da suka jikkata an koya musu irin wannan ɗinki don hannu da hankali su dawo. A Maiduguri, matan Bama da aka raba da garinsu da ɗinkin hula da yawansu suka riƙe 'ya'yansu a sansani. Matan Falasɗinu sun fita da zanen ƙauyukansu a ƙirjin riguna, suka koya wa jikoki a ƙasashen gudun hijira, har hukumar UNESCO ta sanya wannan ɗinki nasu cikin gadon al'adun duniya a 2021.

Wani saurayi zai ce aikin mata ne, wata yarinya ta ce surfani na maza ne. Tarihi ya ƙaryata su duka biyu. Surfanin riga a da maza ke yin sa. A birnin Zariya mata suka shiga cikinsa daga cikin gidajensu, suka ƙware, har a 1994 aka kafa ƙungiyar masu ɗinki mai suna Queen Amina, wadda aikinta ke kaiwa ƙasashen waje. Zancen kuɗi kuma ba zan yi muku alkawarin da ba ni da iko da shi ba. Ɗinkin hannu na cin lokaci, kuma sau da yawa dillali ya fi mai ɗinki samu. Wanda ya shiga don kuɗi kaɗai, keke zai riga shi kasuwa, ya karaya ya bari. Wanda ya shiga don yana so, shi ne ke daɗewa har hannunsa ya faɗa, kuma irin wannan hannu masu sanin darajar kaya ke nema har gida. Ko ba a sayar ba, amaryar da ta shiga ɗakinta da zanen gadon da ta yi da kanta, ko uban da ya je Idi da hular da ɗansa ya ɗinka, sun sami wani abu.

Ina da roƙo ga iyayenmu hakimai da masu unguwanni. A kowace unguwa ta Wurno da Rabah da Goronyo, har Kwargaba da Shinaka, akwai dattijo ko dattijuwa da suka iya wannan aiki suka ajiye saboda ido ko rashin mai saye. Masu unguwanni sun san su da suna. A nemo su, a ba su girmansu, a haɗa kowane da yara huɗu ko biyar, yini ɗaya a mako, maza a zaure, mata a cikin gida. Ba sabon tsari ba ne a wurinmu. Haka Nana Asma'u ta yi da 'yan taru, jaji ta koya ta je ta koyar. Yaran su riƙa kai wa malaminsu ɗan abin goro, don ilimi ba a karɓarsa hannu sake. Gidajen sarauta da na malamai masu tsofaffin riguna a adaka, a fito da su ko sau ɗaya a shekara a shimfiɗa, a bar yara su zana abin da ke jiki, a tambayi dattawa sunan kowane zane a rubuta a gefensa, da sunan garin da aka ɗinka ta in an sani. Malaman makarantun boko da na Islamiyya, littafi mai gida-gida da fensir kuna da su, ku ba zayyana rabin sa'a a mako.

Na zo da ƙyallaye da allurai da zare. Bayan addu'a, mai so ya matso gaba, mata ta wannan gefe, maza ta wancan, mu zura zare mu yi layin farko na sarƙa tare. Dattawan da suka iya, don Allah kada ku tafi, ku zauna cikin yaran ku duba musu baya.

Allah Ya sa albarka a hannuwanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.